Sujadar Safiyatu

Ranar da na shiga takaba, Safiyatu ce ta fara ɗaga labulen ɗakina. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta share tsakar gida, ta cika mini randa, ta tafi. Haka ta yi kullum, wata huɗu da kwana goma.

'Yar wani ƙauye ce kusa da Ringim, aure ya kawo ta unguwarmu Limawa, katanga ɗaya ta raba mu. Fura take yi, surfe da daka da kirɓi duk da hannunta. Na lura da safe takan shigo a sandare, in an kira ta sai ta juyo da dukan jikinta. Amma kafin ta gama shara jikin ya saki.

"Bayan nan nawa ɗan rigima ne, Yaya," in ji ta. "In na kwanta ya yi fushi, in na ba shi aiki ya huce."

Na ce sanyi ne. Kowa ma haka ya ce.

Da abin ya yi tsanani, mijinta Malam Arzika ya kai ta asibiti. Likita ya ce ciwo ne mai dogon suna, gaɓoɓin gadon baya ke kumbura daga ciki, in aka bar su sai su haɗe kamar sanda. Ya ba ta magani, ya ba ta takarda mai zanen mutum yana miƙa, yana lanƙwasa. Ya ce motsi kullum yana rage kumburin da sandarewar, yawan kwanciya kuwa ƙara su yake.

Wata safiya na shiga na tarar da ita rub da ciki a tabarma, tana ɗago ƙirji.

"Uwar 'ya'ya biyar, ƙwallo kuma za ki fara?" na ce.

Ta yi dariya, ta ninke takardar. Ban sake ganin takardar a fili ba.

Mu a wajenmu ba a barin mara lafiya ya ɗaga ko buta. Sai muka raba aikinta, mu maƙwabta. Wata ta kai gero inji, wata ta ɗebi ruwa. Ni da hannuna na ɗauke taɓaryarta na ɓoye bayan ƙofata. In ta miƙe mu ce zauna, in ta zauna mu ce kwanta. Lada muke nema.

Abu ɗaya take tsoro, ta kuma sha faɗa mini. "Komai ya tafi, Yaya, in dai goshina zai riƙa taɓa ƙasa."

A shekara ta uku da fara ciwon, ruku'u ya fara gagararta. A ta biyar aka sayo mata kujerar roba. A kanta take salla yanzu, in an zo sujada sai ta ɗan sunkuya iyakar inda jikin ya yarda. Malamai sun ce sallarta ta yi, ita ma ta sani. Amma ina ganin yadda take kallon dardumar.

Ta koma motsa jikin, ta ce zogin ya ragu. Abin da ya riga ya haɗe kuwa, likita ya ce ba ya buɗewa. Da mun bar ta, ko da ya haɗe ko da bai haɗe ba, Allah ne masani. Ba ta taɓa yi mini gori ba.

Sai dai akwai ranar da ta leƙo ta katanga da wani roƙo, tun tana iya tsayawa sosai. Na ce mata a'a, don ina gudun a ce matar da mijinta ya mutu ta fara zagaya unguwa ba aike ba biki. Ga abin da ta roƙe ni:

"Yaya, ki riƙa raka ni da safe mana, mu taka zuwa gindin dutse mu dawo. Ni kaɗai kunya nake ji."