Kwambatar da Muka Ɗauko a Ƙofar Ruwa

A shekarun da bama-bamai suka riƙa tashi a Kano, ina koyar da tarihi a wata sakandare, kuma ina da mota. Ba abin a zo a gani ba ce. Tsohuwar tokumbo ce mai giya otomatik, wadda ta gama yi wa wani Bature hidima kafin ta zo ƙarasa tsufanta a Madabo. Lungunmu ma ba ya ɗaukarta, a bakin titi take kwana.

Ciwonta ɗaya ne. In ana tafiya a hankali, lafiya lau. In an taka ta sosai, lafiya lau. Amma da allurar gudu ta kai tsakanin hamsin da sittin, sai ta kama karkarwa kamar mai masassara: sitiyari na rawa, madubi na rawa, haƙoran mutum na gaisawa da juna.

Bakanikena mutumin Jakara ne, benci ɗaya muka zauna a firamare. Shi ya ajiye boko a aji shida ya ɗauki sufana, ni na ci gaba har na zama abin da na zama. Yana ce mini Malam da wata murya mai nuna bai gamsu ba, ni kuma ina ce masa Injiniya da irin wannan muryar.

Shi ya yi mini darasin. Tsakanin inji da giyabos akwai wani ƙarfe mai kama da kabewa, an liƙe shi da walda ko'ina, cike da jan mai. Sunansa kwambata. A cikinsa akwai faifan da ke kamawa idan mota ta daidaita gudu. In faifan ya cinye, sai ya riƙa kamawa yana saki, kamawa yana saki, wannan ita ce karkarwar. Gwajinsa kuwa da ƙafa ake yi: ka bar ta dama a kan totur, ka ɗan taɓa birki da ta hagu. In karkarwar ta ɗauke nan take, kwambata ce, domin taɓa birkin ne ke sa faifan ya saki.

"Ka gane, Malam, ko in rubuta maka a allo?"

"Na gane, Injiniya. Rubutunka ne ba zan gane ba."

Sau biyu ya canza man giya, ba ta daina ba. Wata Alhamis da hantsi muka tafi Ƙofar Ruwa muka ɗauko wata kwambatar ta hannu. Mai shagon ya cusa tsumma a bakinta don kada sauran man ya ɓata mini but, ya jefa ta cikin buhu.

A hanyar dawowa Injiniya ya karɓi tuƙi. Ya ce sauke giyabos aikin yini guda ne, ba zai kwanta ƙarƙashin mota a banza ba sai ya ƙara ji da ƙafarsa. Matsalar ita ce hanya. A lokacin duk inda ka juya shinge ne, durom da buhunan yashi, babu inda mota za ta kai sittin sai wani ɗan miƙaƙƙen titi a gefen badala. Ya taka, ta yi karkarwa, ya taɓa birki, ta ɗauke. Ya juyo. Ya sake. Ya ce bari dai ya cike na uku.

Mu biyu, da furfurarmu, babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa yadda abin yake a idon wanda ke tsaye a bakin titi: mota ɗaya tana kai da kawo, fitilar birki na ƙiftawa daidai wuri ɗaya. A ƙarshen titin akwai masallaci da 'yar kasuwa, kuma a makon nan wani abu ya tashi ba nisa da wurin. Samarin unguwar sun gicciye gungume suna gadi da gorori.

A zuwa na uku suka ja gungumen suka rufe hanya. Babbansu, wani dogo mai jar hula, ya sunkuyo ta taga.

"Baba, sau uku ke nan. Me kuke nema?"

"Gwajin mota muke yi, ɗana," in ji Injiniya.

"Gwaji. To a buɗe but."

Ni na buɗe da hannuna. Dogon ya zazzage buhun da bakin gorarsa, sai ga ta: ƙarfe zagayayye, an bi shi da walda, tsumma na leƙowa daga bakinsa kamar lagwani. Ban taɓa ganinta da wannan idon ba sai a lokacin, kuma na rantse ni ma sai da gabana ya faɗi.

Wani ya ce, "Bam ne."

Kafin in buɗe baki titin ya zama wayam. Masu tebur sun bar tebur, wata mata ta bar takalmi. Suka tsaya can nesa suna jira. Da abin bai tashi ba, suka dawo. Na karanta labarin tarzoma iri-iri, na koyar da wasu, amma babu littafin da ya gaya mini cewa mutum ya fi haɗari bayan ya ji kunyar gudun da ya yi.

Ni fari ne. Kakanninmu fatake ne da suka ƙetaro Sahara tun zamanin ayari, kuma ba mu da wani gari sai Kano. Ranar dai na ji ana cewa, "Ga baƙon da ya kawo shi." Na fara bayani a tsare, da na farko da na biyu, kamar ina gaban aji. Ban kai na biyun ba gora ta same ni a baki. Tabarauna ya tafi, haƙori ya bi shi. Injiniya kuwa ta taga suka zaro shi, ba su ko jira ƙofa ba.

Ina ƙasa wani ya faɗo kaina ya rufe ni da jikinsa. Wani tsohon ɗalibina ne, mai sayar da katin waya a wurin. "Malam ne, wallahi Malam ne, ya koyar da ni." Ya ja ni zuwa barandar wani shago. Sai maganar ta juya: ashe direban ne ya yaudari dattijo. Duk gororin da aka raba mana biyu suka koma kan mutum ɗaya.

Ɗalibin ya miƙo mini ruwan leda. Na karɓa. Na wanke baki, na sha. Wannan shi ne abin da na fi daɗewa ina juyawa a raina, domin ina shan ruwan nan ina jin ƙarar. Ba ihu Injiniya yake yi ba, salati yake yi, kuma kowane bugu na yanke masa shi a tsakiya. Ya ɗora hannun dama a ka yana kare kansa. Wani ya ɗago bulo da hannu biyu ya sauke a kan hannun, ya ɗaga, ya sake saukewa. Ina zaune. Minti biyu ne ko uku, ban sani ba.

Abin da ya tashe ni taya ce. Na ga ana gangaro da ita, wani kuma ya durƙusa yana zuƙo fetur daga tankin babur.

Babu kowa kusa da but ɗin, kowa na tsoronsa. Na je na rungumo kwambatar. Nauyinta ya kusa karya mini baya. Na nufi tsakiyar taron da ita a ƙirji, jini na zuba a kanta daga bakina. Ban taɓa samun aji ya ba ni hanya da sauri irin haka ba. Na tsaya kan Injiniya, na fizge tsumman, na kifa ta, jan mai ya kwararo mini a ƙafa. Na sake ta ta daki kwalta. Sannan na zauna a kanta.

"In zai tashi, da ni zai tashi," na ce. Ban tabbata an ji ba, bakin ya kumbura.

Wani tsoho direban tifa ne ya fara matsowa. Ya duba, ya sa ƙafa ya taɓa, ya dangwali man ya shinshina.

"Kwambata ce, jakai. Ta giyar mota."

 Mai fetur ya mayar da shi tanki a hankali, kada ya zube. Tsohon da ɗalibina suka ɗora Injiniya a kujerar baya, na tuƙa zuwa asibiti ba tabarau.

Haƙarƙari uku suka karye, kan ya sha ɗinki. Waɗannan sun warke. Hannun ne bai yi ba. Likitoci sun yi ta fama da shi kwana da kwanaki, daga baya ya fara baƙi, suka yanke daga wuyan hannu. Shekara talatin da wani abu yana ci da wannan hannun, yana ciyar da gida.

Wani abokin sana'arsa ne ya ɗaura kwambatar. Da na je dubiya, abin da Injiniya ya fara tambaya ke nan.

"Ta daina?"

"Ta daina."

"Na gaya maka. Kai dai ba ka yarda da mutum sai da satifiket."

Bayan ya koma gida, mai unguwar can ya rako samarin zuwa Jakara neman gafara. Ina zauren. Su bakwai ne, sun sha wanka, kowa ido a ƙasa. Mai unguwa ya yi dogon jawabi a kan zamani da tsoro da ƙaddara. Injiniya ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, Allah Ya kiyaye gaba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, mai unguwa kuma bai matsa ba.

Da za su tashi, dogon mai jar hula ya rarrafo ya miƙa hannu biyu. Injiniya ya dube shi, ya zaro hagunsa daga cikin riga.

"Ka yi haƙuri da hagun, ɗana. Damar tana wajenku."

Yaron ya riƙe hagun ya kasa saki, har sai da mai unguwa ya taɓa masa kafaɗa.