Dabbobin Kakana na Tagulla

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur, wata Asabar ruwa ya tsare ni a wani shagon tsofaffin littattafai a Brickfields. Don kada in tsaya haka kawai, na jawo wani littafi mai hotuna. A ciki na ga barewa ta zinariya, ta naɗe ƙafafunta ƙarƙashin ciki, ƙahonninta sun kwanta har gadon baya. An rubuta cewa aikin Sitiyawa ne, wasu makiyaya mahaya dawaki da suka rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma a kabarin wani babbansu aka tono ta. Na daɗe ina kallonta, ba ni da wanda zan nuna wa.

Kakana maƙerin tagulla ne. Munduwa da zobe yake yi wa mutane, amma idan damina ta faɗi, kowa ya tafi gona, sai ya zauna a zaure ya yi dabbobi don kansa. Da kakin zuma yake fara siffanta su, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla. Har yau ina jin ƙamshin kakin nan haɗe da gawayi da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mata ba sa zama a maƙera, amma ni ba ya korata. Idan yumɓun ya huce, ni yake miƙa wa in fasa. Haka na fito da kada, da zakara, da wata barewa mai waiwaye.

Ina da shekara tara baffana ya dawo daga karatu. Bayan ya huta, ya durƙusa gaban kakana, cikin ladabi ya ce masa sassaƙa abu mai rai bai halatta ba, yana jiye masa ranar tsayuwa. Kakana bai yi musu ba. Washegari ya hura wuta, ya kwaso su duka a ƙwarya, yana jefa su cikin kasko ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan barewar na riƙe hannunsa ina kuka.

"Sake ni, uwata," ya ce. "Tagulla ce dama, tagulla za ta koma."

Ludaya ya yi da su. Daga daminar nan, idan ruwa ya sauko, sai ya zauna yana kallon indararo, hannuwansa a kan gwiwa. Ban san ko ya sami natsuwa ko kewa ce ta cinye shi ba. Bai faɗa ba har ya rasu.

Ruwa na ɗaukewa na fito daga shagon littattafan na kira mahaifiyata. Ta ce zauren ma yanzu shagon cajin waya ne. Na tambaye ta dabbobin. Ta ce ita dai munduwa ta sani, ko na tabbata ba mafarki na yi ba?

Baffa ya rasu, ƙannena kuwa ba a haife su ba a lokacin. A cikin jirgin ƙasa, tsakanin mutanen da ba su san harshena ba, na fahimci cewa ni kaɗai na rage a duniya da na san kakana ya iya wannan aikin.