Kifin Asabar na Inna

Kifi yana cikin obin sai Yaya Sanusi ya kira daga Argungu, ana dab da azahar ranar Asabar. Ya ce Inna ta cika. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye wayar a kan buhun shinkafa, na ci gaba da leƙen kifin ta gilashi. Ban yi kuka ba. Abin da ke raina kawai kada ya bushe.

Mahaifiyarmu Hajiya Hassi 'yar masunta ce. Giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, ko an yanka an cire kai tana gane kowanne. Da hawan jini ya sa likita ya hana ta soyayye, sai na ɗauki gasa mata kifi duk Asabar a gidana na unguwar Nassarawa, tafiyar awa guda daga Argungu, in ba direba ya kai mata. Bayan la'asar sai ta kira ta yanke hukunci. Yau gishiri ya yi yawa, wani satin citta ta danne lemun tsami. Shekara uku, wallahi ko sau ɗaya ba ta ce ya yi ba. Abin yana cina, ni ma kuma da taurin kai, na rantse sai na ji kalmar nan daga bakinta.

Wata rana tana gidana Yaya ya zo da wani kifin waje daga Abuja, salmon, mai jan nama. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce ba ta san ruwansa ba, amma baƙo ba a wulaƙanta shi. Na gasa shi kusan awa guda kamar giwan ruwa, ya fito tamkar ƙirare. Ta danna da yatsa ta ce, “Ke ɗiyag ga, kihi mai taushi ba a tsare shi ga wuta. Hidda shi tun cikinai na sheƙi.” Ita ta nuna mini a kwantar da shi fata a ƙasa, a kuma daina buɗe murfi kowane lokaci. Haka take da mutane ma: ba ta matsa wa kowa, ba ta kuma yabo a gaban ido.

Ranar da ta cika, irinsa ne a obin. Na fitar, na danna, ya rabu sala-sala, cikinsa na sheƙi. Na zuba a kula. Sai da muka yi nisa a hanyar Argungu na lura kular tana kan cinyata.

A gidan makoki maƙwabciyarta Hajiya Kulu ta ga kular ta gane. Ta ce duk Asabar Inna takan tsakura wa maƙwabta, tana cewa ɗiyarta ta fi ta hannu. Da suka ce ta faɗa mini mana, sai ta ce, “In nac ce ya yi, mi za mu yi ta gardama kai ran Asabar?”

Na ce to. Har yau to ɗin nan kawai na iya cewa.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Allah Ya ba Yaya Sanusi da ƙannenmu da jikokinta haƙuri. Ni kuma Allah Ya sassauta mini la'asar ɗin Asabar, don har yanzu nakan ajiye wayar kusa da ni.