Makullin Oga Bala

Kafin in lalace, gyaran waya nake yi a wani ɗan shago a Farin Gada. Ina samun na abinci, kuma mutane sun yarda da ni.

Da kirifto, kuɗin intanet, ya shigo gari, ni nake buɗe wa 'yan kasuwa walat, wato asusun ajiye shi a waya. A nan na san Oga Bala, wani mazaunin Rayfield da ke kawo min gyara. Wata rana ya ce min, "Kana ganin adireshin walat ɗin nan kamar lambar akawun ce? Kwaɗo ne. Duk wanda ya tura kuɗi, ya datse su ne da sharaɗin da ke bayan adireshin. Wanda ya cika sharaɗin shi ke ɗauka, ba a tambayar suna."

Da kaɗan-kaɗan na fara. Mutum ya ce in kwafo masa adireshinsa zai aika wa mai biyansa, sai in sa nawa. Idan ya dawo yana cigiya in ce matsalar netwok ce.

Sai aka zo kan Madam Ngozi mai sarin kabeji. Ƙaninta da ke waje zai turo kuɗin tiyatar mijinta. Oga Bala ya ce wannan babba ne, mu sa adireshin da ya haɗa mana. Ya ba ni makullina, wato lambar sirrin fitar da kuɗin, ban tambayi komai ba.

Kuɗi suka shiga. Na gwada fitarwa, suka ƙi. Ashe sharaɗin shi ne sai mu biyu mun sa hannu, kowa da makullinsa, kuma ba a gane hakan daga kallon adireshi. Oga Bala tsoro yake kar in cuce shi. Kafin mu haɗu ya yi hatsari a hanyar Kuru, ya rasu. Ba wanda ya san inda makullinsa yake.

Da asiri ya tonu aka kama ni, Madam Ngozi ta zo caji ofis. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ɗana, ba ni kuɗi na kawai. Ni ba na son kotu. Maigidana yana kwance."

Na buɗe waya na nuna mata. Ga kuɗin nan, ko kwabo bai ragu ba. Na yi ta dannawa a gabanta ina kuka, ba su motsa ba.

Duk da haka aka kai ni kotu aka ɗaure ni. Ina gidan yari aka gaya min mijin ya mutu. Ɗaurin bai dame ni kamar wannan labarin ba.

Da na fito na je rumfarta na durƙusa. Ta ce ta bar ni da Allah. Yanzu lodin mota nake yi, kuma na tuba.

Ƙannena, kar ku taɓa abin da aka ba ku amana, komai ƙanƙantarsa. Ni na ɗauka in asiri ya tonu sai in mayar a wuce wurin. Har yau kuɗin matar nan suna nan, kowa na iya ganinsu, kuma babu mai iya miƙa mata.