Ma'aunin ruwan sama na Durun

Har na yi ritaya ban manta da ranar da na kai shugabanmu ganin fari a Durun ba.

Lokacin ina malamin gona a Gwarzo, kuma ni ke tattara bayanan ruwan sama. Aikin ba wuya. Akwai wani gwangwani mai mazurari da muke kafawa a fili, kowace safiya a auna ruwan da ya taru a ciki. Da wannan ake gane yadda damina ke sauyawa shekara da shekaru. A yankinmu kuwa Agusta ne watan marka.

Gwangwanin ƙauyen Durun yana harabar makarantar firamare, wani malaminta, Malam Bitrus, ke duba shi. Da aka yi hutu ya tafi gida Kudancin Kaduna, ya bar wa mai gadi, Baba Ilu, amana. Kullum da safe Baba Ilu zai kira ni: "Malam, a bushe yake ƙarau." Ni kuma in rubuta sifili.

Mako uku ana haka, alhali a Gwarzo ruwa ya hana mu shanya. Maimakon in hau babur in je, sai na zauna na rangaɗa rahoto cewa sauyin yanayi ya jawo fari a Durun. Gaskiya ƙarin girma nake hange.

Shugabanmu ya taso daga Kano da kansa. Tun kafin mu shiga gari motarsa ta kafe a taɓo, gero kuma ya fi ni tsawo. Na rasa inda zan sa idona.

Muna isa makaranta hadari ya haɗo. Ko gaisuwa ba mu gama ba Baba Ilu ya ruga da wani tsohon kwano ya kifa a kan gwangwanin, ya ɗora dutse.

Shugaba ya ce, "Baba, me kake yi?"

"Ranka ya daɗe, kayan gwamnati ne. Malam Bitrus ya ce in kula da shi. Tun da ya tafi ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Shugaba ya yi dariya har da hawaye, ya yaba wa Baba Ilu riƙon amana. Ni kuma na sami takardar tuhuma, ƙarin girman ya wuce ni a shekarar. Na ji kunya ƙwarai, don laifin nawa ne.

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata: in kun ba mutanenmu ajiya za su tsare ta fiye da yadda kuke so, don haka ku faɗa musu amfaninta. Kuma kafin ku rubuta fari, ku je ku taka ƙasar.