Zoɓon da Na Zuba a Kwalaben Giya

Ni mace ce mai taurin kai, ko maƙwabtana na unguwar Daɗin Kowa a Jos za su shaide ni a kan haka. Lokacin da abin nan ya faru ina sarin dankalin turawa ina kaiwa kasuwa, maigidana ya rasu, ba mai ce mini yi ko bari. Babbar 'yata ta karanci aikin jinya, Allah ya ba ta aiki a wani katafaren jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa a ƙasar waje, kuma da aikin nan asirin gidanmu ya rufu. Da ta kwana biyu a wurin, aka ba ta damar gayyato mutum ɗaya daga danginta ya yi tafiya a jirgin, ta zaɓe ni. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufan haƙar kuza na Bukuru ba, sai ga ni ina shirin hawa teku.

Tun kafin in tashi ta ja mini kunne a waya. Ta ce kada in sa kwalbar komai a kayana, domin wurin nan suna da tsanani a kan giya, ko fasinjan da ya zo da tasa sai ya nuna ta a bakin ƙofa. Ta ce baƙon ma'aikaci kuwa, duk abin da ya yi a wuyan ma'aikacin yake. Na yi dariya na ce ina ni ina giya, ni da na je Makka na dawo. A raina kuwa na riga na ƙudura sai na kai mata zoɓona, wanda tun tana ƙarama take lashe kofi in na haɗa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba. Na ɗauki maganarta irin ta yaran zamani, masu tsoron inuwarsu.

Maƙwabciyata 'yar kudu mai shagon kayan masarufi ita ta ce gorar roba za ta fashe a hanya, ta ba ni kwalaben giya da babu komai a ciki, irin waɗanda ake zuba mana soyayyiyar gyaɗa a ciki kullum ba mu damu ba. Da zuciya ɗaya ta ba ni. Na wanke su tas, takardun jikinsu suka ƙi ɓanɓaruwa na ƙyale su. Na cika su da zoɓo mai sukari, na ɗaure murafunsu tam, na naɗe kowace a zane na tura can ƙasan akwati don kada su fashe. Ban tuna cewa sanyin Jos ba zai bi ni ba. Daga zafin motar Abuja zuwa jirgin sama zuwa masauki, kwalaben nan sun kwana sun wuni ba firiji.

Ranar shiga jirgin ruwan aka karɓi akwatunanmu, aka ce za a kai wa kowa nasa ɗaki. Na kowa ya zo, nawa shiru. Can sai ga wasu ma'aikata biyu suka ce in biyo su. Muka yi ta gangarawa ƙasa, kafet ya ƙare, kiɗa ya ɗauke, sai ƙarfe da ƙugin inji. Aka shigar da ni wani ɗaki marar taga, ga akwatina a buɗe a kan tebur, an warware zannuwana, an jera kwalaben nan kowace da hoton inabi a jikinta. Sai a lokacin na gan su da idon baƙo.

Shugabansu ya tambaye ni ko nawa ne, kuma don me na ɓoye su. Da guntun turancina na kasuwa na ce nawa ne, ba saye na yi ba, ni na haɗa da hannuna a gida. Ina zaton wanke kaina nake yi, ashe a kunnensu cewa na yi ni ke dafa giyar. Na ce su buɗe su ɗanɗana. Ɗayansu ya murɗa murfin, sai kwalbar ta yi ƙara kamar an harba bindiga, jan kumfa ya yi tsiri ya wanke masa farar riga. Na ƙwala salati na durƙushe. Warin da ya cika ɗakin ba na zoɓona ba ne, tsami ne irin wanda nake toshe hanci in na wuce gidan burkutu. Suka tsoma wani abin gwaji a ciki, suka dubi juna. Wallahi na ɗauka daga nan sai kurkukun ƙasar da ko sunan unguwa ɗaya ban sani ba a cikinta.

Abin da ya fi kurkukun tsorata ni shi ne da na ji an kira sunan 'yata a na'ura. Ta shigo da kayan aikinta, ta tsaya ƙyam a gaban shugaban, hannayenta a baya. Na buɗe baki zan yi rantsuwa, ta ce mini da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, don Allah Mama in yi shiru. Ta yi musu bayanin zoɓo, ta ce abin sha ne na gida, zafi ne ya juyar da shi. Shugaban ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya yi mata tambaya ɗaya, ko ta sanar da baƙuwarta dokar. In ta ce ba ta sanar ba, laifin sakaci ne a kanta. In ta ce ta sanar, ni za a sauke a tashar nan ni kaɗai. Ina kallonta ta ce mantawa ta yi.

An bar ni na yi tafiyar, amma ban san me na gani ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ɗauka ni aka zo kamawa. Da wa'adin aikinta ya cika ba a sabunta mata ba. Ta dawo Jos ta zauna tare da ni, tana ɗan taimakawa a wani kemis, kuma har yau ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Na rubuto ne saboda iyaye irina, masu ganin tunda mu muka haife su mun fi su sanin komai. In ɗanki ya ce kada ki ɗauki abu zuwa wurin aikinsa, ki ajiye, ko da kin tabbata halal ne, domin can ba a duba niyya, abin da aka gani a tebur ake dubawa, kuma ba ke za ki ɗauki hukuncin ba. Kwanan baya Allah ya sake ba ta wani aikin a waje. Tana haɗa kaya na tsaya a bakin ƙofa na tambaye ta ko akwai abin da zan sa mata. Ta yi murmushi, ta ja zif ɗin akwatinta ta rufe, ta ce addu'a ta isa.