Ruwan Gashin Inna

Shekarar da ƙafafun Inna suka ƙi, majo, ma'aikacin jinya na gidan likita a Mayahi, bai ba mu wani dogon magani ba. Ya ce a riƙa gasa mata gwiwoyi da ruwan zafi kullum, kuma kar ta ƙara wanka da na sanyi. Faɗi ba wuya. Shi yana da gas a gidansa.

Mu icce ya yi mana nisa. Abin da ya rage kara ne, kuma karan nan shi ne abincin bijimina har faɗuwar ruwa. In bijimin ya kwanta, ba huɗa, ba amalanke. Kowace yamma matata ta zari kara ta cusa ƙarƙashin tukunya, ni kuma in tsaya ina kallon tarin yana sauka. Ba na iya cewa a daina. Uwata ce.

Wata safiya ta ɗari na kai bijimin rijiya. Guga ya fito, ruwa ya zubo mini a ƙafa, na ji shi da ɗumi, har ɗan tururi yake yi. Tun ina yaro na san haka, kowa ma ya sani. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, ƙasa na riƙe ɗuminta. Amma mu da an kawo ruwa sai a juye a randa, haka muka tarar ana yi. Randa kuwa aikinta sanyaya ruwa. Ke nan mu sanyaya shi da hannunmu, sannan mu ƙone abincin dabba mu maido ɗumin da muka zubar.

Na samo bido, wato jarkar ruwa, na naɗe shi da baƙar leda. Na cika shi a bakin rijiya, ban bi da shi ta randa ba. Na tona rairayi jikin katanga inda iska ba ta bugowa, na binne rabinsa, rana ta ji da saura. Matata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an shuka ruwa ba, in ya tsiro in kira ta girbi. Da la'asar ta tsoma hannu, ta ji ruwan ya ɗau zafi.

Inna ce ta ƙi. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan," ta ce, "ruwan da wuta ba ta taɓa ba, ba ya shiga ƙashi."

Ban yi musu da ita ba, dama zafin bai kai na gashi ba. Aka juye a tukunya, aka sa kara ɗan kaɗan, nan da nan ya kai. Ranar da rana ta yi rowa sai a ƙara karan.

Ƙafafun ba su warke ba, kar in yi ƙarya. Amma tana tashi da sandarta ta kai kanta makewayi, ba ta jiran kowa. Bijimin ya rame, ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ranar da aka yi ruwan shuka dai, shi ya ja amalanke zuwa gona.